Maƙwabtaka a Cikin Waya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaman Musulmi da Kirista a Kafofin Sada Zumunta a Jihar Gombe

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan tasowa a duk inda Musulmi da Kiristocin Jihar Gombe suka haɗu a Facebook, WhatsApp, TikTok ko X, kuma an amsa su ne domin mai karatu na kowane ɓangare. Inda magana ta shafi hukuncin addini, an kawo abin da malaman ɓangarorin suka faɗa, an bar wa kowa ya koma wurin malaminsa ko fastonsa domin ƙarin bayani.

Me ya sa mutanen da suke zaune lafiya a unguwa ɗaya suke zagin addinin juna a waya?

Dalili na farko shi ne waya ba ta da ido, kuma kunya a ido take. A unguwannin garin Gombe irin su Tunfure, Bolari ko Federal Low-cost, mutum yakan kai motarsa wurin makaniken da ba addininsu ɗaya ba, matarsa ta haihu a hannun ungozomar da ba addininsu ɗaya ba, a yi rasuwa su zauna a tabarma guda suna karɓar gaisuwa. A kudancin jihar abin ya wuce maƙwabtaka, domin a Kaltungo, Billiri, Tula, Cham da Talasse akwai gidaje masu yawa da wa yake zuwa masallaci ƙane yake zuwa coci, kakansu ɗaya, gonarsu ɗaya. Babu wanda zai dubi kawunsa ya faɗa masa irin abin da ake rubutawa a ƙarƙashin labaran Facebook. Amma idan mutum ya ɗauki waya da dare, ya daina ganin kawu da makanike, sai ya riƙa ganin wani taro marar fuska da ake kira "Musulmi" ko "Kiristoci", kuma zagin taro ba ya da nauyi a baki.

Dalili na biyu yana cikin yadda aka gina manhajojin. Suna ƙara nuna wa jama'a rubutun da ya fi jawo tsokaci da turawa, kuma babu abin da yake jawo tsokaci kamar fushi. Wanda ya rubuta cewa maƙwabciyarsa ta kawo masa abincin buɗa-baki zai samu 'yan kaɗan su yaba, wanda kuwa ya taɓa aƙidar wani zai wayi gari da ɗaruruwan martani, mabiyansa su ƙaru, a wasu shafukan ma har kuɗi su shigo.

Akwai na uku wanda ba a cika lura da shi ba, wato harshe. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma har yau coci-coci da dama na ECWA, COCIN da EYN da Hausa suke sujada. Kirista ɗan Tangale ko Waja yana cewa Allah, Ubangiji, addu'a, zunubi da tuba, kamar yadda Musulmin Dukku ko Nafada yake faɗa. Saboda haka babu wata magana da za a yi da Hausa a ce ta tsaya a cikin gida. Wa'azin da malami ya yi wa almajiransa, ko hudubar da fasto ya yi wa 'yan cocinsa, da zarar an yanko daƙiƙa talatin daga ciki an saka a TikTok, ɗaya ɓangaren zai ji kowace kalma ba tare da tafinta ba, kuma ba zai ji abin da aka faɗa kafin wurin da bayansa ba.

Shin kafofin sada zumunta ne suka kawo mana rikicin addini?

A'a. Rikicin Tafawa Ɓalewa na watan Afrilun 1991, wanda ya faro daga saɓani a kan nama ya bazu har cikin garin Bauchi, ya faru ne lokacin da Gombe take cikin Jihar Bauchi, shekara biyar kafin a ƙirƙiro ta ranar 1 ga Oktoba 1996, kuma shekara goma kafin wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001. Da baki aka yaɗa jita-jitar wancan lokaci, a tasha da kasuwa. Abin da waya ta ƙara abu uku ne. Labari yana isa Bajoga daga Billiri kafin direban da ya gani da idonsa ya iso Kumo. Wanda yake zaune a Legas ko Landan yana iya hura wutar garin da bai taɓa kwana a ciki ba, kuma ba gidansa za a ƙona ba. Sannan abin da aka saka ba ya mutuwa: bidiyon tashin hankalin da aka sasanta shekaru biyar da suka wuce yana iya dawowa gobe a ce yau ya faru.

Ya dace Musulmi ya taya Kirista murnar Kirsimeti a shafinsa, ko Kirista ya yi barka da Sallah?

Wannan ita ce gardamar da take dawowa duk watan Disamba kamar hunturu. A ɓangaren Musulunci malamai sun saɓa. Wasu, suna bin maganar Ibnul Ƙayyim da waɗanda suka bi bayansa, sun hana taya murnar bukukuwan da suke alamar wani addini, domin suna ganin hakan kamar amincewa ne da aƙidar da ke ƙarƙashin bikin. Wasu kuma, irin su marigayi Yusuf al-Ƙaradawi da hukumar fatawa ta Masar, sun halatta, suna kafa hujja da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, wadda ta ce Allah bai hana kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi saboda addini ba. A ɓangaren Kirista yin barka da Sallah ba ya cika zama matsala, sai dai akwai masu ƙyamar cin naman layya, alhali mafi yawa suna ci, suna dogara da abin da Bulus ya rubuta a 1 Korintiyawa sura ta 10 game da cin abin da aka ajiye wa baƙo ba tare da yawan bincike ba.

Abin da yake ɓata zumunci shi ne yadda ake tallata matsayi. Wanda ya ɗauki ra'ayin hani yana da damar yin shiru ranar 25 ga Disamba, ya gai da maƙwabcinsa gaisuwar kullum, ya tambayi lafiyar iyali, kuma da wuya a ga laifinsa. Amma ya hau shafinsa a ranar da maƙwabcin nan yake cikin farin ciki da 'ya'yansa ya rubuta cewa duk wanda ya gaishe su ya bar addini, wannan ya wuce kiyaye aƙida ya shiga cin fuska. Haka nan Kiristan da yake bin shafukan abokansa yana ƙirga wanda bai yi masa barka ba domin ya kira shi mai tsattsauran ra'ayi, shi ma neman magana yake yi. Iyayenmu sun daɗe da samo mafita ba tare da rubutu ba: akwai gidajen Kirista da yawa da suke kiran Musulmi ya yanka musu dabbar Kirsimeti domin maƙwabta su iya ci, kuma kwanon naman Sallah bai taɓa tambayar addinin gidan da aka aika shi ba.

Laifi ne a kira Kirista "arne" ko "kafiri"?

Kalmar arne a asalinta tana nufin mai bin addinin gargajiya, wanda bai karɓi littafi ba, kuma a bakin mutane ta daɗe da zama zagi mai ɗauke da raini na ƙabila. Kiristocin Gombe ta Kudu, waɗanda mishan ta isa ƙasarsu tun 1917, suna jin zafinta fiye da yadda mai faɗa yake zato, domin tana tuna musu zamanin da ake kallon mutanen tsaunuka a matsayin waɗanda ba su kai mutane ba. Alƙur'ani kansa yana da sunayen da yake kiran su da su, wato Nasara da Ahlul Kitabi, kuma su suna kiran kansu Kirista ko masu bi. Kalmar kafiri kuwa kalma ce ta ilimin aƙida, tana da muhallinta a zauren karatu, amma idan aka jefa ta a ƙarƙashin hoton gawar wani ko hoton aurensa, kowa ya san ba karatu ake yi ba.

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa kalmomin. Kiran kowane Musulmi ɗan Boko Haram ko ɗan ta'adda, ko kiran Bafulatanin da aka haifi kakansa a garin baƙo, zalunci ne iri ɗaya, musamman a jihar da hare-haren Boko Haram suka kashe Musulmi da Kirista tare a tashoshin mota da babbar kasuwa a 2014 da 2015.

An turo mini hoto ko bidiyo an ce ana kashe 'yan addininmu a wani gari. Me zan yi?

Kada ka tura shi gaba, ko da da niyyar tambaya ne, domin wanda ya karɓa daga wurinka ba zai ga alamar tambaya ba, sunanka zai gani. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen gundumar Gashish a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, an yaɗa wasu hotuna masu tayar da hankali a Facebook, kuma binciken da BBC ta wallafa a watan Nuwamban shekarar ya nuna cewa wasu daga cikinsu ba su da alaƙa da rikicin, ɗaya daga ciki ma ba daga Najeriya yake ba, tsohon bidiyo ne daga Kongo Barazabil. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen tunzura ramuwar gayya a kan matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kisan da aka yi a Gashish gaskiya ne, wasu daga cikin hotunan kuma ƙarya ne, kuma wannan haɗin shi ya fi haɗari, domin duk wanda ya ce a dakata sai a ce yana musun jinin 'yan'uwansa.

Akwai abubuwan da kowa zai iya yi cikin minti biyar. Ka dubi saƙon ko ya ambaci gari, rana da sunan wanda ya gani, domin saƙon murya da ya fara da "jama'a ku yaɗa" ba tare da mai maganar ya faɗi ko shi wane ne ba, abin zargi ne tun daga farko. Ka dubi lambar motoci, rubutun allunan shaguna, kakin jami'an tsaro da harshen da ake yi a cikin bidiyon. Ka saka hoton a manhajar binciken hoto ta Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara. Ka duba ko BBC Hausa, RFI, DW ko Aminiya sun kawo labarin, ko kuma masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check sun taɓa magana a kansa. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne kiran waya: da wuya a samu mazaunin Gombe da ba shi da abokin makaranta, suruki ko abokin ciniki a garin da ake magana a kai. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira take iya kwaikwayon muryar malami ko fuskar fasto, jin murya kaɗai ya daina zama shaida.

Wani lokaci abin ya faru da gaske, fassararsa ce ake jayayya a kai. A ranar Litinin ta Istan 2025 wata babbar mota ɗauke da hatsi ta afka cikin masu jerin gwano a Billiri, aka rasa rayuka. 'Yan sanda sun ce birki ne ya tsinke, wasu mutanen garin ba su gamsu ba, amma tun kafin a kai waɗanda suka ji rauni asibiti an riga an yanke hukunci iri biyu a intanet. A irin wannan sa'a, neman a yi bincike a fili haƙƙin kowa ne, sanar da sakamakon binciken da ba a yi ba kuwa ɗaukar alhaki ne. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarci a tabbatar da labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, kuma hana shaidar zur a kan maƙwabci yana cikin Dokoki Goma a Fitowa 20:16.

Idan na ga an zagi Annabi ko an ci mutuncin addinina a wani shafi fa?

Zafin da mutum yake ji gaskiya ne, kuma babu wanda zai ce kada ya ji. Tambayar ita ce abin da zai yi da hannunsa. Mafi yawan mutane abin da suke fara yi shi ne ɗaukar hoton rubutun su yaɗa shi domin "kowa ya gani", ta haka zagin da mutum goma suka karanta sai ya isa ga dubu goma, kuma masu kishin ne suka yi masa dako. Hanyar da ta fi ita ce a adana shaida, a kai ƙara ga kamfanin manhajar ta maɓallin da aka tanada, in kuma an san mai rubutun a gari yake, a sanar da 'yan sanda da mai unguwa da shugabannin addinin ɓangarorin biyu. Kafin duk wannan a tabbatar shafin nasa ne, domin buɗe shafi da sunan wani da hotonsa ba ya ɗaukar minti goma, kuma an sha yin haka domin a jefa abokin gaba cikin masifa.

Saka hoton mutum da sunan unguwarsu da lambar wayarsa tare da kiran a nemo shi, wannan kiran kisa ne ko da ba a furta kalmar ba. Kowa ya ga abin da ya faru a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022, lokacin da aka kashe wata ɗaliba bayan saƙon murya da ta saka a zauren WhatsApp na ajinsu. Kwanaki kaɗan bayan haka wutar ta iso maƙwabtanmu, inda rikici ya tashi a ƙaramar hukumar Warji ta Jihar Bauchi saboda wani bidiyo da wata ma'aikaciyar lafiya ta tura a zauren abokan aikinta. An ƙona gidaje da shaguna, matar ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare kafin a ba da belinta, daga bisani kotu ta wanke ta a ƙarshen 2024. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, da sauran mazhabobi, sun bar zartar da hukunci a hannun alƙali da hukuma, ba a hannun taron jama'a ba. Kuma aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana Musulmi zagin abin da wasu suke bauta wa, domin kada su rama da zagin Allah, wanda ke nuna cewa mai ramawa da zagi yana da kaso a zagin da zai biyo baya. Ga Kirista kuma, Romawa 12:17-18 ta hana rama mugunta da mugunta, ta ce a yi zaman lafiya da kowa gwargwadon iyawa.

Me dokar Najeriya ta ce?

Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi da yaɗa shi, sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, sashe na 45 kuma ya ba gwamnati damar taƙaita waɗannan domin tsaro da zaman lafiyar jama'a. Sashe na 210 na dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ya tanadi ɗauri har shekara 2 ga wanda ya ci mutuncin wani addini a fili ta hanyar da za ta iya tayar da fitina, kuma bai ware addini ɗaya ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta hukunta aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Cewa "turo mini aka yi" ba ya hana a gayyaci mutum ofishin 'yan sanda.

Ina kula da zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, akwai Musulmi da Kirista. Yaya zan riƙe shi?

Irin waɗannan zauruka, na 'yan aji ɗaya, na ma'aikata, na 'yan unguwa da na 'yan adashi, su ne wuraren da suka rage inda ɓangarorin biyu suke karanta juna kullum, saboda haka riƙonsu ya fi yadda ake ɗauka muhimmanci. A rubuta ƙa'ida tun ana zaman daɗi, kada a jira ranar rikici, domin dokar da aka kafa bayan wani ya yi laifi kullum kamar an kafa ta ne dominsa. A sa masu kula su zama daga ɓangarorin biyu, kuma idan za a tsawata wa wani, ɗan addininsa ya fara yi, a keɓe, kafin a kai ga goge saƙo ko cire mutum.

Wurin da aka fi samun saɓani shi ne saƙonnin wa'azi. Idan an yarda da "Juma'at Mubarak" ranar Juma'a, dole a yarda da ayar safiyar Lahadi, in kuma an hana ɗaya a hana duka. Na ga zauren da ya watse ba don zagi ba, sai don mai kula yana goge na wani ɓangare yana barin na ɓangarensa, har mutane suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya ba sallama. A ranar da gari ya rikice, rufe zauren na 'yan sa'o'i ta yadda masu kula kaɗai za su iya rubutu ba danniya ba ce, matuƙar an faɗi dalili da lokacin da za a buɗe.

Muhawarar da ake yi kai tsaye tsakanin masu wa'azin Musulunci da na Kirista tana da amfani?

Addinan biyu duka na kira ne, kowanne yana ganin gaskiya a wurinsa take, kuma zaman tare bai buƙaci wani ya ɓoye wannan ba. Musulmi bai yarda Isa ɗan Allah ne ba, Kirista bai yarda da annabcin Muhammadu ba, kuma kowa ya san haka tun yana yaro. Tattaunawa tsakanin masu ilimi da suka karanta littafin juna tana iya koyar da mai sauraro. Amma mafi yawan abin da ake yi a TikTok da Facebook dambe ne, ana yanko wurin da abokin magana ya yi tuntuɓe a saka masa take da manyan baƙaƙe, magoya baya su yi ta shewa. Aya ta 46 ta Suratul Ankabut ta ce kada a yi jayayya da Ahlul Kitabi sai ta hanya mafi kyau, 1 Bitrus 3:15-16 kuma ta ce a ba da amsa da tawali'u da girmamawa. Da wannan ma'auni, kaɗan ne daga cikin shirye-shiryen za su tsira.

Soyayya ta haɗa ni da wanda ba addininmu ɗaya ba ta Facebook. Aure zai yiwu?

Ya danganta da wanda yake tambaya. A shari'ar Musulunci namiji Musulmi yana iya auren mace Kirista bisa aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, ba tare da an tilasta mata barin addininta ba, amma mazhabobi sun haɗu a kan cewa mace Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba. Yawancin coci-cocin yankinmu ba sa ɗaura auren mai bi da wanda ba Kirista ba, suna kafa hujja da 2 Korintiyawa 6:14. Auren rajista a ƙarƙashin dokar aure ta ƙasa ba ya tambayar addini, sai dai na mace ɗaya ne, kuma namijin da ya yi shi ba shi da damar ƙara aure matuƙar yana nan. Akwai kuma batun gado, domin a fiƙihu ba a gado tsakanin mabambanta addini, sai dai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku, ga kuma tambayar addinin da 'ya'ya za su tashi a ciki, wadda masoya sukan ɗage ta har ranar suna.

Irin wannan aure ba baƙo ba ne a Gombe ta Kudu, kuma da yawa sun yi ƙarko saboda dangin biyu sun zauna tun farko. Wanda aka ƙulla a waya a ɓoye ya fi rauni. Ranar da yarinya ta bar gida ba da sanin iyaye ba, ɓangare ɗaya zai rubuta cewa an sace ta, ɗayan ya rubuta cewa ta ga haske ana tsangwamarta, sai maganar gida biyu ta zama ta gari. Idan yarinyar ba ta kai shekara 18 ba, lamarin ya fita daga soyayya ya shiga hannun hukuma. Wanda ya sauya addini kuma, ko ta wane ɓangare, bai kamata a mai da shi tutar nasara a bidiyo ba, domin bayan masu kabbara ko masu halleluya sun watse, shi ne zai koma ya fuskanci mahaifiyarsa.

Me ya sa abin yake ƙaruwa lokacin zaɓe da naɗin sarauta?

Saboda addini ya fi kowace hanya arha wajen tara jama'a. Tun 1999 al'adar siyasar Gombe ita ce gwamna Musulmi, mataimakinsa Kirista daga kudancin jihar, kuma wannan tsari ya rage zafi ba kaɗan ba, amma bai hana gardamar tikitin Musulmi da Musulmi ta zaɓen shugaban ƙasa na 2023 raba abokai a shafukansu ba. A watan Fabrairun 2021, bayan rasuwar sarkin Tangale, Mai Tangle Abdu Buba Maisheru na biyu, jayayyar wanda zai gaje shi ta kai ga tare hanyar Gombe zuwa Yola, da asarar rayuka da dukiya, da dokar hana fita a Billiri. Magana ce ta gidajen sarauta, masu zaɓen sarki da ikon gwamna, kuma 'yan ƙabila ɗaya ne a ɓangarorin biyu, amma a intanet an taƙaita ta zuwa kalma biyu, Musulmi da Kirista, mutanen da ba su san sunan ko da gidan sarauta ɗaya na Tangale ba suka fi kowa ɗaga murya. Yana da kyau mai karatu ya riƙa duba shafin da yake hura wuta: yaushe aka buɗe shi, wane ɗan siyasa yake yabo, kuma ina yake shiga bayan an gama zaɓe.

Hotunan limamai da fastoci suna musabaha, ba riya ba ce kawai?

Wasu riya ce, musamman waɗanda ake ɗauka a otal bayan taron bita a raba kuɗin mota. Amma akwai waɗanda aiki ya riga hoto. Majalisar tuntuɓar juna tsakanin addinai ta Najeriya, NIREC, wadda Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, suke jagoranta tare, tana nan tun 1999. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna sun yaƙi juna a rikicin 1992, Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, kafin su kafa cibiyar sasanci tare a 1995. Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar, ya ɓoye mutum 262, mafi yawansu Kirista, a masallacinsa da gidansa a cikin wancan rikicin na Barikin Ladi na 2018, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su, kuma babu wanda yake ɗaukar bidiyo a lokacin. Labarinsa ya yaɗu ne ta kafofin da suka yaɗa hotunan ƙaryar rikicin, a cikin waɗancan makonnin.

Ɗan'uwana ne yake rubuta munanan maganganu a kan addinina. In toshe shi?

Kada ka amsa masa a ƙarƙashin rubutun, domin a gaban mabiyansa ba zai iya janyewa ba ko da ya gane kurensa, kuma baƙi za su shigo su ƙara gishiri. Ka kira shi, in ya girme ka ka je gidansa, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce masa: "Yaya, na karanta abin da ka rubuta jiya, kuma da ni da Inna muna cikin mutanen da kake nufi." Sau da yawa mai rubutun bai taɓa kawo fuskar ɗan gidansu a ransa ba lokacin da yake bugawa. In ya ƙi ji, a kai maganar ga kawu ko gwaggon da yake jin nauyinta. Facebook yana da hanyar daina ganin rubutun mutum ba tare da an cire shi daga abokai ba, WhatsApp ma yana da hanyar ɓoye sitatus ɗinsa, kuma waɗannan sun wadatar a mafi yawan lokuta. Toshewa gaba ɗaya a bar ta ga wanda ya kai ga barazana, shi ma bayan an adana saƙonninsa an nuna wa manyan gida, idan barazanar ta shafi rai kuma a kai wa 'yan sanda.